YAƘIN KWAƊO DA MABUƊI: Ana Ƙera Na'urar Da Za Ta Iya Tona Asirin Duniya

Daga Wakilinmu

A ranar 13 ga watan Agusta na shekarar 2024 Hukumar Ma'aunai da Fasaha ta ƙasar Amurka, wadda aka fi sani da NIST, ta fito da waɗansu takardu guda uku cike da lissafi, ta kuma yi kira ga masu kula da hanyoyin sadarwa su fara aiki da su ba tare da ɓata lokaci ba. Ba a yi wani biki ba, galibin jama'a ma ba su ji labarin ba. Amma abin da takardun nan suka ƙunsa ya shafi duk wanda ke da ajiya a banki, da duk wanda ke aika saƙo ta wayar hannu, da kowace gwamnati da ke da asirin da ba ta so abokan gaba su sani. A taƙaice abin da hukumar ke cewa shi ne, kwaɗon da duniya ta yi shekara kusan hamsin tana kulle asirinta da shi ya kusa tashi aiki, domin ana kan ƙera wata na'ura wadda za ta iya buɗe shi. Saboda haka a zo a canja kwaɗo tun kafin ɓarawo ya iso.

DAGA ZAURANCE ZUWA LISSAFI

Ɓoye magana ba baƙon abu ba ne gare mu. Yara kan yi zaurance, su cusa wani harafi a tsakanin gaɓoɓin kalma don kada manya su gane. Haka sarakuna da jakadu suke yi tun zamanin dā, sai dai nasu a rubuce ne: a musanya kowane harafi da wani, wanda duk bai san ƙa'idar musanyar ba sai ya ga shirme. Wannan ƙa'ida ita ce mabuɗi.

Tun da aka fara kullewa kuwa aka fara neman hanyar ɓallewa. A ƙarni na 9 wani shahararren malami na birnin Bagadaza, Al-Kindi, ya rubuta wata risala inda ya bayyana cewa a kowane harshe akwai haruffan da suka fi yawan fitowa, saboda haka idan ka ƙirga alamar da ta fi yawa a wasiƙar asiri, to, ka kama bakin zaren. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Jamusawa sun dogara da wata na'ura mai suna Enigma, suna ganin babu mai iya karya ta, alhali kuwa masana lissafi na ƙasar Polan da na Ingila, cikinsu har da Alan Turing, sun riga sun gano lagonta, ana karanta umurnin sojojinsu ba su sani ba.

Babbar wahala a duk waɗannan hanyoyi ita ce isar da mabuɗin. Dole mai aikawa da mai karɓa su riƙe mabuɗi iri ɗaya, watau sai an ba wani amintacce ya kai shi hannu da hannu. Wannan yana yiwuwa tsakanin sarki da jakadansa, amma ba zai yiwu ba tsakanin banki da mutum miliyan goma.

KWAƊON 1977

A shekarar 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman suka nuna cewa mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba suna iya shirya mabuɗi a bainar jama'a ba tare da mai saurare ya same shi ba. A shekarar 1977 waɗansu malamai uku na jami'ar MIT, watau Rivest da Shamir da Adleman, suka fito da hanyar da ake kira RSA, daga haruffan farko na sunayensu. Misalinta kamar banki ne ya raba wa jama'a kwaɗo a buɗe, kowa ya ɗauka ya datse akwatinsa ya aika, amma mabuɗin yana wurin banki shi kaɗai.

Ƙarfin wannan kwaɗo daga wani lissafi yake wanda shigarsa da sauƙi, fitarsa da wuya. Idan aka ce wa ɗan makaranta ya ninka 67 sau 89, nan da nan zai ce 5,963. Amma idan aka ba shi 5,963 aka ce ya nemo lambobi biyun da suka haife ta, sai ya yi ta gwaji ɗaya bayan ɗaya. To, lambar da ake amfani da ita a yau tana da alƙaluma 617 a jere. Lambar RSA mai alƙaluma 129 da aka buga a wata mujallar kimiyya a 1977, aka sa ladan dala 100 ga wanda ya warware ta, sai a 1994 aka ci ƙarfinta, bayan mutum wajen 600 sun haɗa kwamfutocinsu sun yi wata takwas suna aiki. A shekarar 2020 aka warware mai alƙaluma 250. Daga nan zuwa 617 tafiya ce wadda kwamfutocin da muke da su ba za su gama ta ba ko da za su yi shekara miliyoyi.

A kan wannan kwaɗo, da wani ɗan'uwansa da ke aiki da lissafin lanƙwasassun layuka, aka gina amanar intanet gaba ɗaya. Da su ake shirya mabuɗin kowace hira tsakanin wayarka da banki, da su kuma ake sa hannu na lantarki wanda ke tabbatar da cewa saƙo daga mai shi ya fito, ba a kuma taɓa shi a hanya ba.

NA'URAR DA AKE TSORO

A shekarar 1994 wani masanin lissafi mai suna Peter Shor, wanda ke aiki a ɗakunan bincike na Bell a Amurka, ya rubuta wata hanya ta warware irin wannan lissafi cikin ƙanƙanen lokaci. Abin da ya rage kawai shi ne na'urar da za ta bi hanyar, domin kwamfutar yau da kullum ba za ta iya ba. Ana bukatar kwamfutar kwantam.

Kwantam suna ne na ilmin da ke binciken ɗabi'ar abubuwa mafiya ƙanƙanta a halitta, kamar ƙwayar zarra da ƙwayar haske. A can ƙasa abubuwa ba sa bin al'adar da muka saba da ita. Kwamfutar da muka sani tana lissafi da ƙwayoyi waɗanda kowace ɗaya ko dai sifiri ce ko ɗaya, kamar fitila a kunne ko a kashe. Ita kuwa ƙwayar kwantam, wadda ake kira kubit, tana iya zama a wani hali na gauraye tsakanin biyun, ba ta tsayawa a ɗaya sai an auna ta. Shor ya gano yadda za a sarrafa wannan gauraye har amsoshin banza su kashe juna, amsar gaskiya ta fito fili.

Ƙera na'urar shi ne aiki. Kubit abu ne marar jimiri, ɗan zafi ko ɗan girgiza ya isa ya ɓata shi, shi ya sa ake ajiye waɗansu na'urorin a cikin sanyin da ya fi na sararin samaniya. A shekarar 2001 masanan kamfanin IBM suka yi amfani da kubit 7 suka warware lamba 15, watau 3 sau 5. A watan Disamba na 2024 kamfanin Google ya nuna wata na'ura mai suna Willow mai kubit 105. Babu wata na'ura da aka bayyana wa duniya wadda ta kusa karya RSA.

To, me ya kawo gaggawa? Dalili na farko shi ne tazarar tana raguwa ta fuska biyu. A shekarar 2019 Craig Gidney da Martin Ekera suka ƙiyasta cewa ana bukatar kubit miliyan 20 don a karya lamba mai alƙaluma 617 cikin awa takwas. A shekarar 2025 shi Gidney ɗin ya sake lissafi, ya ce ƙasa da kubit miliyan ɗaya za su isa cikin ƙasa da mako guda. Watau yayin da maƙera ke ƙara girman na'ura, masu lissafi kuma suna rage girman da ake bukata.

A TARA YAU, A BUƊE GOBE

Dalili na biyu ya fi na farko nauyi. Ɓarawon saƙo ba sai ya jira na'urar ta samu ba. Yana iya kwafe saƙonni a kulle yau, ya jibge su a rumbu, ya jira ranar da mabuɗi zai zo. An taɓa yin haka. Tun daga 1943 ma'aikatan asiri na Amurka suka riƙa aiki a kan wayoyin da jami'an Tarayyar Sobiyet suka aika a shekarun yaƙi, a wani shiri da ake kira Venona, kuma ba su rufe shirin ba sai a 1980. Abin da aka rubuta ana ganin ya ɓoyu har abada, shi ne ya tona asirin 'yan leƙen asiri da dama bayan shekaru.

Saboda haka tambayar da ya kamata kowace ma'aikata ta yi wa kanta ita ce, shekara nawa asirin nan nawa yake bukatar zama asiri? Saƙon gayyatar biki ba ya da daraja bayan mako guda. Amma takardun asibiti, da wasiƙun jakadu, da tsare-tsaren soja, da bayanan ma'adinan ƙasa, waɗannan suna da daraja ko bayan shekara talatin.

MABUƊI NA HASKE

Abin mamaki, ilmin da ya kawo cutar shi ne ya fara kawo magani, tun ma kafin cutar ta bayyana. A watan Disamba na 1984, a wani taro a birnin Bangalor na ƙasar Indiya, Charles Bennett na kamfanin IBM da Gilles Brassard na Jami'ar Montiriyal ta Kanada suka gabatar da wata hanya ta raba mabuɗi wadda ba ta dogara da wuyar lissafi ba. Ana kiranta BB84. Ta dogara ne da ƙa'idoji biyu na ilmin kwantam: ba a iya auna ƙwayar haske ba tare da an taɓa halinta ba, ba a kuma iya kwafe ta a sami irinta sak.

Ga yadda abin yake. A ce reshen banki yana so ya shirya mabuɗi da hedikwata. Sai ya riƙa aika ƙwayoyin haske ɗaya bayan ɗaya ta cikin zaren gilashi. Kowace ƙwaya tana da fuskar da aka juya ta: ko a tsaye, ko a kwance, ko a karkace dama, ko a karkace hagu. Hedikwata tana da rariya iri biyu ta tace su. Ɗaya tana bambanta tsaye da kwance, ɗaya tana bambanta karkatar dama da ta hagu. Tun da ba ta san yadda aka juya ƙwayar da ke tafe ba, sai ta zaɓi rariya da ka. Idan ta dace, ta sami amsa daidai. Idan ba ta dace ba, amsar ta zama ta caca.

Bayan an gama, sai su biyun su yi magana a fili, ko da kowa na ji. Ba za su faɗi amsoshin ba, sai dai irin rariyar da aka yi amfani da ita a kan kowace ƙwaya. Inda rariya ta saɓa, su zubar. Abin da ya rage, watau kimanin rabi, shi ne mabuɗi.

Yanzu a ce wani ya huda zaren yana leƙe. Shi ma dole ya zaɓi rariya da ka, kuma rabin lokaci zai yi kuskure, ya ɓata ƙwayar kafin ya tura ta gaba. Sakamakon haka, idan ya leƙa kowace ƙwaya, kashi ɗaya cikin huɗu na mabuɗin zai fito da saɓani. Reshe da hedikwata sai su ɗebi wani yanki su gwada. Idan saɓani ya yi yawa, sun san akwai kunne a hanya, su watsar da mabuɗin tun ba a kulle komai da shi ba. Kamar mai gida ne da ya share ƙofar rumbunsa ya barbaɗa toka: bai hana ɓarawo zuwa ba, amma ɓarawo ba zai zo ya tafi ba sawu ba.

DAGA KAN TEBUR ZUWA SARARIN SAMA

Gwajin farko da Bennett da abokan aikinsa suka yi a 1989 nisansa santimita 32 ne kacal. A shekarar 2004 aka aika kuɗi da irin wannan mabuɗi daga ofishin magajin garin Biyana na ƙasar Ostiriya zuwa wani banki a cikin birnin. A 2007 lardin Janiba na Suwizalan ya tsare sakamakon zaɓe da shi. A nahiyarmu ta Afirka kuma, lokacin gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta 2010, masanan Jami'ar KwaZulu-Natal sun haɗa filin wasa na birnin Durban da cibiyar tsaro ta birnin da wannan hanya.

Ƙasar Sin ce ta fi kowa zuba dukiya a wannan fage. A watan Agusta na 2016 ta harba tauraron ɗan Adam mai suna Micius, sunan wani malaminsu na zamanin dā. A watan Satumba na 2017 aka yi hira ta hoto tsakanin Bejin da Biyana, nisan kilomita 7,600, da mabuɗin da tauraron ya raba. A shekarar nan kuma suka buɗe layin zaren gilashi mai tsawon kilomita 2,000 daga Bejin zuwa Shanghai. A watan Maris na 2025 aka ba da sanarwar cewa wani ƙaramin tauraro mai suna Jinan-1 ya raba mabuɗi tsakanin ƙasar Sin da Jami'ar Stellenbosch ta Afirka ta Kudu, nisan kilomita 12,900.

KOWANE ALLAZI DA NASA AMANU

Sai dai fa wannan hanya tana da nata nakasu, kuma ba ƙanana ba ne. Haske yana raunana a cikin zaren gilashi. Bayan kilomita 100, cikin ƙwayoyi ɗari kimanin ɗaya ce ke isa. Saƙon yau da kullum akan ƙara masa ƙarfi a hanya, amma ƙwayar kwantam ba ta karɓar haka, domin ƙa'idar da ta hana ɓarawo kwafe ta, ita ce ta hana mai ita. Shi ya sa layin Bejin zuwa Shanghai yake da zango 32, inda ake sauke mabuɗi a sake ɗora shi. A kowane zango mabuɗin yana hannun masu gadi, watau an koma ga dogara da amanar ɗan Adam. Haka shi ma tauraron yana sanin mabuɗin da ya raba, saboda haka dole ka amince da mai tauraron.

Bugu da ƙari, ƙa'idar halitta ba ta kuskure, amma na'urar da mutum ya ƙera tana yi. A shekarar 2010 waɗansu masana a ƙasar Norwe suka nuna cewa ana iya makantar da idon na'urorin da ake sayarwa a kasuwa da haske mai ƙarfi, a sace mabuɗi ba tare da an bar sawu ba. An toshe wannan kafa, amma darasin ya zauna. Har ila yau hanyar ba ta tabbatar maka da wanda kake magana da shi, sai an haɗa ta da wata dabara. Saboda waɗannan dalilai hukumomin tsaron sadarwa na Amurka da na Ingila suka ce ba su goyi bayan a dogara da ita wajen tsare asirin gwamnati ba.

HANYA TA BIYU

Abin da suka zaɓa shi ne a nemo sabon lissafi wanda zai gagari kwamfutar yau, ya kuma gagari ta kwantam. A shekarar 2016 hukumar NIST ta buɗe gasa ga masanan duniya. Aka karɓi dabaru 69, aka baje su a fili, aka ce duk mai iya karyawa ya karya. An kuwa karya da yawa. A shekarar 2022 waɗansu masana biyu na Jami'ar Leuven ta ƙasar Beljiyam suka rushe wata dabara mai suna SIKE, wadda ta kai zagaye na huɗu, da kwamfuta guda ɗaya ta yau da kullum cikin kimanin awa ɗaya. Waɗanda suka tsira daga wannan sara da suka su ne aka fitar a takardun nan uku na 2024.

Fa'idar wannan hanya ita ce ba ta bukatar sabon zare ko tauraro. Ana sa ta cikin wayoyi da kwamfutocin da ake da su. Manhajar Signal ta fara aiki da ita a 2023, kamfanin Apple ya sa ta a saƙonninsa a 2024. Aibinta kuwa shi ne babu wanda ya tabbatar da cewa ba za a wayi gari wani mai kaifin ƙwaƙwalwa ya gano lagonta ba. Don haka da yawa suke haɗa tsohon kwaɗo da sabo a ƙofa ɗaya. Gwamnatocin Amurka da Ingila duk sun sa shekarar 2035 ta zama wa'adin kammala ƙaura.

MU FA A NAN GIDA?

Wani zai ce wannan rigima ce ta manyan ƙasashe. Amma kwaɗon da suke shirin cirewa shi ne a ƙofarmu. Tun daga 2014 Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN, wadda ke haɗe da zanen yatsun mai ajiya da hotonsa. Mutum fiye da miliyan 100 sun yi rajistar lambar ɗan ƙasa ta NIN. Ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 ya tura har masu sayar da tumatir a kasuwa zuwa karɓar kuɗi ta waya. Ranar 14 ga watan Maris na 2024 kuma, da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da dama sun kasa aiki yadda ya kamata, kowa ya ga yadda rayuwarmu ta rataya a kan waɗannan zarurruka. Idan aka sace lambar sirrin katin mutum, gobe ya canja wata. Idan aka sace zanen yatsansa, da shi zai koma ga Mahaliccinsa.

Mabuɗin haske ba shi ne abin da ya kamata mu fara sa wa gaba ba. Daga Legas zuwa Kano tafiyar kilomita wajen 1,000 ce, watau sai an gina zango goma sha, kowanne da masu gadi da wutar da ba ta ɗaukewa, a ƙasar da masu aikin hanya ke tsinke zaren gilashi kusan kullum. Jami'o'inmu dai ya kamata su koyar da ilmin, kamar yadda na Afirka ta Kudu suka yi. Aikin da ke gabanmu yanzu shi ne na hanya ta biyu. Kowane banki da kamfanin waya da ma'aikata su zauna su ƙirga inda duk tsohon kwaɗo yake a na'urorinsu, domin wanda bai san yawan ƙofofin gidansa ba ba zai iya canja musu kwaɗo ba. Duk wata sabuwar na'ura da za a saya da kuɗin jama'a, a rubuta a yarjejeniya cewa ana iya canja mata lissafin kullewa ba sai an jefar da ita ba. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta riga ta ɗora wa masu riƙe da bayanan jama'a nauyin tsare su, saura hukuma ta sa wa'adi kamar yadda waɗansu ƙasashe suka sa.

Akwai kuma batun wanda zai duba mana kayan. A shekarar 2020 aka bankaɗo cewa kamfanin Crypto AG na Suwizalan, wanda ya sayar wa ƙasashe fiye da 120 na'urorin ɓoye saƙo, a shekarar 1970 hukumomin leƙen asiri na Amurka da Jamus ta Yamma suka mallake shi a ɓoye. Ƙasashe suna biyan kuɗi suna sayen kwaɗo, mai sayarwa yana riƙe da mabuɗi na biyu. Ƙasar da ba ta da 'ya'yanta masana lissafi waɗanda za su iya buɗe cikin kwaɗo su duba, to, abin da aka ba ta shi za ta karɓa. Horar da irin waɗannan masana kuwa yana cin shekaru, haka canja na'urorin ƙasa guda. Daga yau zuwa 2035 ba nisa, kuma Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.